Sunan Fayil da Hanyarsa a Manyan Manhajojin Kwamfuta: Bambancin Al'ada, Iyakar Ƙa'ida da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda manyan manhajojin gudanar da kwamfuta guda uku, wato Windows da macOS da Linux, suka sha bamban wajen rubuta hanyar fayil da karɓar sunansa, tare da matsayin kowace a gaban ƙa'idar POSIX. Maƙalar ta nuna cewa shaidar bin ƙa'ida ba ta lamunce wa sunan da aka rubuta a wata kwamfuta isa wata kwamfutar lafiya ba, domin ita kanta ƙa'idar haruffa da alamomi 65 kacal ta ɗauki nauyi, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsu. An kawo misalai daga irin fayilolin da masu nazarin Hausa kan tara, kamar muryoyin kalmomi da kundayen digiri da hotunan rubutun ajami.

Fitilun kalmomi: fayil, hanyar fayil, POSIX, Unicode, haruffa masu lanƙwasa, adana bayanai

1.0 Gabatarwa

Duk abin da aka ajiye a kwamfuta, rubutu ne ko murya ko hoto, yana zaune ne a matsayin fayil, kuma kowane fayil yana cikin wata folda, wadda ita ma sau da yawa tana cikin wata. Jerin sunayen foldojin da za a ratsa kafin a kai ga fayil shi ake nufi da hanyar fayil a wannan maƙala. Ita kuma manhajar da ke gudanar da kwamfuta baki ɗaya, irin su Windows, za a riƙa kiran ta babbar manhaja.

A zahiri batun ya yi kama da na injiniyoyi zalla. Amma a yau abin da mai nazarin harshe ko adabi ya tattaro a fagen bincike ba ya zama wuri guda. Yakan tashi daga na'urar ɗaukar murya zuwa kwamfutar tafi-da-gidanka, daga nan zuwa filashi, daga filashi zuwa sabar ɗakin karatu ko ta wata cibiya a ƙetare. A kowane zango akwai babbar manhajar da ke da nata sharuɗɗan game da abin da ta yarda a kira suna. Idan sunan ya sauya a hanya, kundin bayanin da ke nuni zuwa gare shi ya daina ganin sa, ko da kuwa fayil ɗin na nan daram. Wani lokaci ma fayil biyu kan koma suna ɗaya, ɗayan ya danne ɗayan.

2.0 Asalin Bambancin Alamar Rabewa

Bambancin da ido ya fi saurin gani shi ne alamar da ke raba sunan folda da na gaba. A Linux ana iya samun hanya kamar /home/bincike/karin_magana.txt, a Windows kuwa C:\bincike\karin_magana.txt. Wannan ba sakamakon wata shawara ta ilimi ba ne, gadon tarihi ne.

Manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, ita ta kafa amfani da sanda mai karkata gaba, wato /, kuma ta ɗauki dukkan ma'ajiyar kwamfuta a matsayin bishiya guda mai saiwa ɗaya. Duk wani faifai ko filashi da aka jona, reshe ne ake maƙala shi a jikin bishiyar. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ta bi wannan tsari.

MS-DOS ta kamfanin Microsoft ta fito a 1981 ba tare da tsarin folda ba sam. Ta gaji al'adar bai wa kowane faifai harafi, A: ko B:, daga manhajar CP/M. Da aka zo shigar da foldoji a MS-DOS 2.0 a 1983, sai aka tarar an riga an ba alamar / wani aiki, wato gabatar da zaɓi a cikin umarni, kamar a DIR /W. Saboda haka aka ɗauki sanda mai karkata baya, wato \, kuma Windows ta gaje ta har yau. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a can ciki Windows tana karɓar alamomin biyu a mafi yawan lokuta. Wasu manhajoji da layin umarni ne ke dagewa a kan ɗaya. A Japan ma, saboda tsohon tsarin lambobin haruffansu ya ɗora alamar kuɗin yen a gurbin \, masu Windows sun saba ganin ¥ tsakanin sunayen folda.

Macintosh ta kamfanin Apple ta ɗauki hanya ta uku, inda ta yi amfani da ruwa biyu, wato :, a matsayin marabi. Da Mac OS X ta fito a 2001 bisa harsashin Unix, sai tsarin biyu suka haɗu a gida ɗaya, kuma har yanzu ana ganin tabon haɗin. Idan mai amfani ya sa wa fayil suna Hira 12/3/2019 a tagar Finder, manhajar za ta karɓa, amma abin da ta rubuta a faifai shi ne Hira 12:3:2019. Ranar da aka kwafe wannan fayil zuwa Windows, wadda ta haramta ruwa biyu a suna, ko dai kwafin ya tsaya, ko a sauya sunan.

3.0 Abin da Ƙa'idar POSIX ta Ce

A shekarun 1980 nau'o'in Unix sun yawaita, kowane kamfani da nasa, har manhajar da aka rubuta domin wani nau'i ba ta aiki a wani. Wannan ya sa cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar POSIX a 1988 a ƙarƙashin lamba 1003.1, domin a sami matsaya guda.

Game da sunan fayil, ƙa'idar ta yi magana ta fuska biyu, kuma rashin bambance su ne tushen ruɗani mai yawa. Ta fuskar abin da aka haramta, abu biyu ne kawai ba su halatta a cikin suna ba: alamar / da kuma bayit mai darajar sifiri, wanda ke nuna ƙarshen rubutu. Bayit shi ne ƙaramin ma'aunin da kwamfuta ke lissafa bayani da shi. Ta fuskar abin da aka lamunce kuwa, ƙa'idar ta ware wani ƙaramin rukuni da ta ce shi ne zai yi aiki a duk manhajar da ke bin ta: manyan haruffan Ingilishi 26, ƙananansu 26, lambobi 10, sai aya da karan ɗori da layin ƙasa. Jimla 65 ke nan. Ta kuma yi gargaɗi kada suna ya fara da karan ɗori, domin manhajoji za su ɗauke shi a matsayin umarni. Mafi ƙarancin tsawon sunan da ta wajabta wa kowace manhaja ta karɓa bayit 14 ne.

Tsakanin abin da aka haramta da abin da aka lamunce akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa rubutun Hausa yake zaune. Ba a hana ƙ ba, ba a kuma yi alkawarin komai a kanta ba. Hatta giɓin da ake bari tsakanin kalmomi ba ya cikin 65 ɗin.

3.1 Shaida Daban, Aiki Daban

Idan aka tambayi wace babbar manhaja ce ke bin ƙa'ida, amsar ta dogara ne ga abin da ake nufi da bi. macOS tana da shaidar UNIX 03 daga ƙungiyar The Open Group tun fitowar nau'in Leopard a 2007. Fitattun nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Debian ba su da wannan shaida, amma a aikace suna bin mafi yawan tanade-tanaden POSIX sau da ƙafa, suna kuma da tasu ƙa'idar ta inda kowane irin fayil zai zauna, wato FHS, wadda bugu na 3.0 ya fito a 2015.

Labarin Windows ya fi koyar da darasi. Windows NT ta fito a 1993 da wani ɓangare na musamman mai bin POSIX, kuma babban dalilin samar da shi shi ne cika sharaɗin da gwamnatin Amurka ta gindaya wa manhajojin da za ta saya. Ɓangaren ya cika sharaɗin takarda, amma manhajojin yau da kullum da mutane ke rubutu da su ba ta cikinsa suke bi ba, kuma an cire shi daga Windows XP. Sai a 2016 aka kawo WSL, wanda ke ba da damar gudanar da Linux a cikin Windows.

Abin lura a nan shi ne, macOS mai shaida a hannu ita ce, kamar yadda za a gani, ta daɗe tana sauya yadda aka rubuta wasulan da ke ɗauke da alamar karin sauti, alhali Linux marar shaida tana ajiye suna yadda aka ba ta. Shaidar tana magana ne a kan yadda manhaja za ta yi hulɗa da babbar manhaja, ba a kan amanar sunan da ɗan'adam ya rubuta da harshensa ba.

4.0 Inda Sunaye ke Karyewa

4.1 Babban Harafi da Ƙarami

Linux tana ɗaukar Daura.wav da daura.wav a matsayin fayiloli biyu. Windows da macOS, a yadda suke zuwa daga kamfani, suna adana harafin yadda aka rubuta shi, amma ba sa bambance su wajen nema. Mai harhaɗa ƙamusu mai murya da ya ajiye sunan garin Daura da kalmar daura ta "daura da" a folda guda a Linux, zai tarar da wuri ɗaya kawai aka tanadar musu idan ya kwafe zuwa Windows.

4.2 Alamomi da Sunayen da Windows ta Haramta

Windows ba ta karɓar waɗannan alamomi tara a cikin suna: < > : " / \ | ? *. Biyu daga ciki sun shafi masana kai tsaye. Da wuya a sami taken kundin digiri ko maƙala da babu ruwa biyu a tsakiyarsa, kuma alamar tambaya ta zama ruwan dare a sunayen littattafan ƙagaggun labarai da finafinai. Haka nan suna ba ya ƙarewa da aya ko giɓi.

Akwai kuma sunayen da aka keɓe wa na'urori tun zamanin DOS: CON, PRN, AUX, NUL, da COM1 zuwa COM9, da LPT1 zuwa LPT9. Har zuwa Windows 10, ƙara wutsiya irin .txt ba ya halatta su. Abin dariya a nan, wanda ba dariya ba ne ga wanda ya faɗa ciki, shi ne AUX da PRN gajerun laƙabobi ne da masu nazarin nahawu kan yi amfani da su a sharhin jimla. Fayil mai suna aux.txt zai zauna lafiya a Linux ko macOS, sai ranar da za a miƙa aikin ga mai Windows 10 ko wadda ta gabace ta.

4.3 Tsawo

A al'adance Windows ta iyakance dukkan hanyar fayil ga haruffa 260, har da harafin faifai. Tun nau'in Windows 10 na 2016 ana iya ɗage wannan iyaka, amma sai an kunna zaɓin, kuma sai manhajar da ake aiki da ita ta amince. Linux tana kai wa bayit 4096, macOS kuma 1024. Wanda ya saba sa cikakken take a matsayin sunan folda, sannan babi, sannan sunan mawaƙi da na waƙa, zai cinye 260 tun bai ankara ba.

Sunan fayil guda kuwa iyakarsa 255 ce a ɓangarorin biyu, sai dai abin da ake ƙirgawa ya bambanta. Tsarin ajiya na NTFS a Windows yana ƙirga gurabun haruffa, shi kuwa ext4 na Linux bayit yake ƙirgawa. A tsarin UTF-8 kowane harafin Ingilishi bayit ɗaya ne, amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ bayit bibbiyu ne, haka ma baƙaƙen Larabci na asali da wasulansu. Ajamin Hausa kuma, saɓanin rubutun Larabci na yau da kullum, da cikakken wasali ake rubuta shi. Ke nan baƙi ɗaya da wasalinsa sun ci bayit huɗu, kuma sunan da ya wuce baƙaƙe sittin da 'yan kai masu wasali zai shiga Windows amma sabar Linux ta ƙi shi.

5.0 Haruffa Masu Lanƙwasa, Hamza da Karin Sauti

Unicode ta ba kowane harafi mai lanƙwasa lambarsa: ɓ ita ce U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Dukkan manyan manhajojin uku na yau suna iya adana su a sunan fayil. Matsalar tana tasowa ne a mashigai, wato wuraren da suna ke ratsa wani tsohon tsari. Tsohon jadawalin haruffa na Windows-1252, wanda manhajoji da dama suka dogara da shi, ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Tsarin dunƙule fayiloli na ZIP ya fara ne da jadawalin haruffan kwamfutocin IBM na farko, kuma sai a 2006 aka shigar da alamar da ke nuna cewa an rubuta suna da UTF-8. Manhajar da ba ta sa wannan alama ba, ko wadda ba ta karanta ta ba, takan mayar da ƙ wasu baƙin alamomi biyu ko alamar tambaya. A adireshin intanet kuma ƙ takan koma %C6%99, wanda daidai ne a ƙa'ida, sai dai ba mai karanta shi.

Dabarar da mutane suka fi kamawa ita ce cire lanƙwasar, a rubuta k a maimakon ƙ. A rubutun zube mai karatu zai gane daga muhallin magana. A sunan fayil babu muhalli. Baki da baƙi, kasa da ƙasa, dari da ɗari, bari da ɓari, duk za su faɗa suna guda, kuma a taskar muryoyin kalmomi ma'anar hakan ita ce a danna kalma a ji wata.

Alamar hamza ta fi wannan sarƙaƙiya, domin kuskurenta ba ya ganuwa. Abin da ido ke gani a sana'a ko 'ya'ya yana iya zama ɗaya daga haruffa uku mabambanta: miƙaƙƙiyar alamar da ke kan allon rubutu, U+0027, lanƙwasasshiyar da Microsoft Word ke musanyawa da kanta, U+2019, ko kuma U+02BC, wadda Unicode ta tanada domin inda alamar ke matsayin harafi. Idan an buga sunan fayil kai tsaye, aka kuma shirya jerin sunayen a Word, to sunayen biyu ba za su dace ba, ko da yake a takarda ba su da maraba. Bugu da ƙari, a layin umarnin Linux da macOS miƙaƙƙiyar alamar buɗe zance take yi, don haka sunan da ya fara da ita yakan rikita ƙananan manhajojin da ba a rubuta da kulawa ba. Ta wannan fuska, ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar ta fi 'y ta Nijeriya sauƙin sha'ani, tun da harafi ɗaya ce mai lamba ɗaya.

Sai karin sauti. A rubutun ilimi, kamar yadda yake a ƙamusun Paul Newman na 2007, ana nuna karin ƙasa da alama irin ta à, faɗau da â, dogon wasali kuma da ā. Unicode ta yarda a rubuta à ta hanya biyu: harafi guda haɗaɗɗe, U+00E0, ko a tare da alama mai hawa kanta, U+0300. Tsarin ajiya na HFS+, wanda Apple ta fito da shi a 1998, yana warware duk haɗaɗɗen harafi zuwa gida biyu kafin ya adana. Windows da Linux ba sa taɓawa. Sakamakon haka, fayil ɗin da ya kwana a tsohuwar Mac zai dawo da sunan da ya yi kama da na da, amma bayit ɗinsa sun sauya, kuma a Linux ana iya ganin fayiloli biyu masu suna iri ɗaya sak a folda guda. APFS, wanda ya maye gurbin HFS+ a 2017, yana adana suna yadda aka ba shi, sai dai fayilolin da aka riga aka warware sunayensu ba su koma yadda suke ba. Su haruffa masu lanƙwasa wannan bai shafe su ba, domin Unicode ba ta ɗauke su a matsayin harafi da ƙari ba. Wasulan ne abin ya fi ci, musamman dogon wasali mai karin ƙasa, wanda a wasulan a, i da u ba shi da haɗaɗɗen harafi guda.

6.0 Abin da Ya Kamata Mai Taskace Bayanai Ya Yi

Ra'ayin da wannan maƙala ta fi karkata gare shi zai iya ɓata wa masu kishin daidaitacciyar Hausa rai: sunan fayil ba wurin nuna ƙa'idar rubutu ba ne. Ga duk abin da ake son ya daɗe, ya kuma ratsa kwamfutoci da yawa, suna ya tsaya a cikin haruffa 65 na POSIX, da ƙananan haruffa zalla, ba giɓi, ba sunan da Windows ta keɓe. Ya zama lamba ce ta shaida, misali kn_2019-03-12_hira_007.wav, inda aka rubuta kwanan wata daga shekara zuwa rana bisa tsarin ISO 8601, wanda ke sa fayiloli su jeru da kansu bisa lokaci. Cikakken take da ingantacciyar Hausa, da lanƙwasa da hamza da karin sauti, ko da ajami, sai ya tafi cikin jadawalin bayani da aka adana da UTF-8, inda kowane layi ke haɗa lambar fayil da bayaninsa.

Ana iya cewa wannan sallamawa ce, domin idan masu harshe suka ci gaba da kauce wa haruffansu, kamfanoni ba za su ga dalilin gyara ba. Hujjar tana da ƙarfi a fagen allon rubutu da shafukan intanet da manhajojin waya, inda ya dace a matsa lamba. Amma muryar dattijon da aka ɗauka sau ɗaya, ko hoton takardar ajami da asalinta ke hannun iyalan da suka ba da aro, ba kayan gwaji ba ne. Inda dole sai kalmar Hausa ta fito a suna, kamar a taskar muryoyin ƙamusu, ana iya ɗaukar wakilci tsayayye da ba ya rikicewa da wani harafi, kamar k_ a madadin ƙ da d_ a madadin ɗ, muddin an rubuta wannan tsari a fayil ɗin bayani da ke saman foldar. Kafin a miƙa taska ga wata cibiya kuma, a dunƙule ta, a warware ta a Windows da macOS da Linux ɗaya bayan ɗaya, sannan a ƙirga fayilolin a kowace a ga ko adadin ya yi daidai da na jadawali.